Yadda Ake Lissafa Nisa da Lokacin Tafiyar Jirgin Sama Tsakanin Damagaram, Agadas da Dirku

Nisan da ke tsakanin filayen jirgin sama biyu abu ne tsayayye, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa, kuma duk mai biro da takarda da na'urar lissafin da ke cikin wayar salula zai iya fitar da shi. Lokacin tafiya kuwa ba haka yake ba. Jirgi ɗaya, matuƙi ɗaya, hanya ɗaya, amma tafiyar yau ta ɗara ta jiya da minti 20, domin iska da zafi da nauyin kaya da ƙurar hunturu duk suna da ta cewa. Saboda haka lissafin hawa biyu ne. Ana farawa da nisa, wanda ake samowa daga matsayin filayen a doron ƙasa, sannan a ɗora masa lokaci, ana ƙara abubuwan da ke ja ko rage shi ɗaya bayan ɗaya.

Filaye uku na jihohin Damagaram da Agadas sun isa misali. Ga mutumin Dogo-Dogo, a gundumar Dungas wadda aka cire daga ta Magarya a 2011, filin jirgin fasinja mafi kusa a cikin Nijar shi ne na Damagaram, kimanin kilomita 100 a miƙe, arewa da ɗan karkata yamma. Gaba da shi sai filin Mano Dayak na Agadas, wanda aka raɗa wa sunan jagoran Abzinawa da ya rasu a hatsarin jirgin sama cikin tsaunukan Abzin a watan Disamba na 1995. Na ukun shi ne Dirku, a gindin duwatsun Kawar, arewa da Bilma garin kantu, bayan an ƙetare hamadar Tenere.

Tantance filin da matsayinsa

Fili ake aunawa, ba gari ba. Gari ɗaya yana iya samun fili biyu: a Agadas, ban da filin Mano Dayak, akwai titin jirgin sansanin soja da Amurkawa suka gina a kudu maso gabashin garin, suka bar shi a 2024. Don kauce wa ruɗani kowane fili yana da alamarsa ta haruffa. Wadda fasinja ke gani a tikiti da jikin akwati mai haruffa uku ce: ZND Damagaram, AJY Agadas, NIM Yamai, KAN Kano. Wadda matuƙa da ma'aikatan hasumiya ke aiki da ita mai haruffa huɗu ce, ta hukumar ICAO mai tsara zirga-zirgar jiragen sama ta duniya. Filayen Nijar duka da DR suke farawa, na Najeriya da DN: Damagaram DRZR, Agadas DRZA, Dirku DRZD. Ƙananan filayen hamada da dama ba a samun su sai da wannan ta biyun.

Da alamar ake neman lambobi biyu na kowane fili. Latitud yana nuna yadda wuri ya yi nisa arewa ko kudu da layin Ikwaita, lonjitud kuma yadda ya yi gabas ko yamma da layin Girinic na Ingila. Damagaram tana kan digiri 13 da minti 47 arewa, digiri 8 da minti 59 gabas. Agadas, digiri 16 da minti 58 arewa, digiri 8 daidai gabas. Dirku, digiri 18 da minti 58 arewa, digiri 12 da minti 52 gabas. Mintin nan ba na agogo ba ne, kashi ɗaya ne cikin 60 na digiri. Kafin a shiga lissafi sai a raba mintocin da 60 a haɗa su da digirin. Minti 47 in an raba da 60 ya ba da 0.78, don haka Damagaram ta zama 13.78 da 8.98, Agadas 16.97 da 8.00, Dirku 18.97 da 12.87. Rubuta digiri 13 da minti 47 a matsayin 13.47 kuskure ne da ake yawan yi, kuma shi kaɗai yana kawar da filin daga wurinsa da sama da kilomita 30.

Fitar da nisa

Kewayen duniya kusan kilomita 40,000 ne, an raba shi digiri 360, don haka kowane digiri ɗaya na latitud kilomita 111 ne, ko'ina mutum yake. Lonjitud ne mai wuyar sha'ani. Layukansa kamar tsagin jikin kabewa suke: a cikinta sun yi nesa da juna, suna matsowa har su haɗu a wurin ƙara. A Ikwaita digiri ɗaya na lonjitud kilomita 111 ne, amma da an nufi arewa sai ya fara tsukewa. Gwargwadon tsukewar shi ne kosain ɗin latitud, maɓallin da aka rubuta wa cos a na'urar lissafi. A tabbatar na'urar tana kan DEG, ba RAD ba, in ba haka ba duk abin da ya fito shirme ne.

Ga Agadas da Dirku, tazarar latitud digiri 2 ce cif, wato kilomita 222 ta fuskar arewa. Tazarar lonjitud 4.87 ce. Tsaka-tsakin latitud ɗinsu digiri 18 ne, kosain ɗinsa 0.951, don haka digirin lonjitud a wannan yanki bai wuce kilomita 105.6 ba. In an ninka da 4.87 za a sami kilomita 514 ta fuskar gabas. Yanzu akwai ɓangarori biyu na alwatika mai kusurwa tsaye, jirgin kuwa dogon ɓangaren na uku zai bi. Sai a ninka kowace lamba da kanta: 222 ta ba da 49,284, ita kuma 514 ta ba da 264,196. Jimla 313,480. Lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan jimla, wadda maɓallin √ ke fitarwa, ita ce 560. Tsakanin Agadas da Dirku kilomita 560 ne a miƙe.

Haka za a bi ga Damagaram da Agadas: kilomita 354 arewa, 105 yamma, nisa kusan 370. Hanyar mota ta Tanut da Adarbisanat ta kai wajen 450. Daga Damagaram kai tsaye zuwa Dirku kimanin 710 ne, alhali wanda ya biya ta Agadas zai yi 930. Biyawar ta ci kilomita 220, ban da sauka da tashi.

Wanda ya manta da kosain a lissafin Agadas da Dirku zai sami 585, kuskuren kilomita 25, abin da ba zai kashe kowa ba. A can ƙuryar arewacin duniya ne mantuwar ke zama babba. A digiri 60, wajen Oslo, digirin lonjitud ya ragu zuwa rabi. A digiri 70, arewacin Norwe da Alaska, kilomita 38 ne kawai. A Longyearbyen ta tsibirin Svalbard, digiri 78, bai fi 23 ba. Filaye biyu a kan digiri 70 masu tazarar lonjitud 10 suna da kilomita 380 tsakaninsu, ba 1,110 ba, duk da cewa shimfiɗaɗɗiyar taswirar bangon aji tana nuna su can nesa da juna. Irin wannan taswirar tana kumbura ƙasashen arewa, bai kamata a ɗora mata rula don auna hanyar jirgi ba.

In tafiyar ta dubban kilomitoci ce, ko filayen na can arewa sosai, alwatika ba ta isa, domin doron ƙasa a lanƙwashe yake. Gajeriyar hanya a jikin ƙwallo ita ce wadda zare ke bi in an ja shi ya yi tsam tsakanin wurare biyu a taswirar ƙwallon duniya, kuma ita ce dalilin da jiragen da ke tashi daga Turai zuwa yammacin Amurka ke ratsa saman Girinlan. Lissafinta shi ne: a ninka sain (maɓallin sin) na latitud ɗin farko da sain na biyun, a gefe guda a ninka kosain na farko da kosain na biyu da kosain na tazarar lonjitud, a haɗa sakamakon biyu, a danna cos⁻¹, abin da ya fito a ninka da 111. Kano tana kan 12.05, Jidda 21.68, tazarar lonjitud ɗinsu 30.6. Jimlar ta zo 0.859, wato digiri 30.8, wato kimanin kilomita 3,420.

Ma'auni uku ne ke yawo a wannan fage, kuma haɗa su ya ɓata lissafi da yawa. Kilomita, mil na ƙasa mai mita 1,609, da mil na teku mai mita 1,852, wanda shi matuƙa ke amfani da shi domin daidai yake da minti ɗaya na latitud. Kilomita 370 na Damagaram zuwa Agadas mil 200 ne na teku, 230 na ƙasa. Na Dirku 302 ne na teku. Gudun mil ɗaya na teku a awa shi ake kira not, da shi kuma ake faɗin gudun jirgi da ƙarfin iska. Iskar not 20 tana gudun kilomita 37 a awa.

Saiti da hanyar da jirgi ke bi

Alwatikar da ta ba da nisa tana ba da saiti. A raba 514 da 222, a danna tan⁻¹, za a sami kusan digiri 67 daga arewa zuwa gabas. Hancin jirgin Dirku gabas yake kallo da karkata arewa. Na Damagaram zuwa Agadas 343 ne, arewa da ɗan karkata yamma. A Nijar bambancin arewar kamfas da arewar taswira bai wuce digiri ɗaya ko biyu ba, saɓanin arewacin Kanada inda kamfas ba abin dogaro ba ne. Amma digiri ɗaya ma ba abin rainawa ba ne a hamada. Ƙa'idar matuƙa ita ce kaucewar digiri ɗaya tana kawar da jirgi mil ɗaya a kowane mil 60. A tafiyar Dirku kusan kilomita 10 ke nan, digiri biyar kuwa kusan 50, a sararin da babu kogi, babu kwalta, babu garin da za a gane daga sama. Kafin zuwan GPS akwai dabarar da ake yi wa irin wannan wuri. Duwatsun Kawar layi ne dogo daga arewa zuwa kudu, don haka sai matuƙi ya kauce da gangan zuwa gefe ɗaya, in ya iske layin ya san ta hannun da zai juya. Wanda ya nufi tsakiya ya kuskure, bai san dama zai bi ko hagu ba. Dabarar tana ƙara 'yan mintoci, tana kuma sauƙaƙa zuciya.

Jirgi ba ya bin zaren nan sak. Yakan tashi ta inda titin ya fuskanta da inda iska ta ba da dama, ya kewayo ya kama hanya, ya bi layukan sama da hukumar ASECNA ke kula da su a Nijar da yawancin ƙasashen Afirka rainon Faransa tun 1959, sannan ya sake kewayawa wajen sauka. A gajeriyar tafiya ƙarin kashi 5 cikin 100 kan nisan miƙe kintace ne mai kyau. Wani lokaci siyasa ce ke lanƙwasa hanya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazai daga Kano da sauran filayen arewacin Najeriya suka koma zagaye, kilomita 3,420 ɗin nan ya zama lissafin takarda kawai. A watan Agusta na shekarar ita ma Nijar ta rufe nata na kusan wata guda, jiragen Turai masu zuwa kudancin Afirka suka riƙa kewaye ta.

Daga nisa zuwa lokaci

Lokaci shi ne nisa a raba da gudu. Ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya irin Cessna Caravan yana tafiyar kimanin kilomita 300 a awa. Mai farfela biyu irin ATR 72 ko Fokker 50, wajen 500. Jet irin Boeing 737, tsakanin 800 da 850. A raba 560 da 500, a sami 1.12. Wannan ba awa ɗaya da minti 12 ba ne. A ninka 0.12 da 60, ya zama awa ɗaya da minti 7. Caravan kuwa awa ɗaya da minti 52. Damagaram zuwa Agadas minti 44 ne a ATR, awa ɗaya da minti 14 a Caravan.

Waɗannan lambobin na jirgin da ya riga ya kai sama ne yana cikakken gudu. Amma sai ya gangara daga wurin ajiya zuwa bakin titi, ya hau a hankali, ya rage gudu wajen saukowa, ya sake gangarawa. Lokacin da ke cikin jadawalin kamfani yana farawa ne daga sa'ar da aka cire waigi daga tayoyin jirgi zuwa sa'ar da aka mayar da shi a ɗaya filin. Ƙarin minti 15 zuwa 20 yana rufe wannan a ƙananan filaye, rabin awa a manya masu cunkoso. Ke nan Damagaram zuwa Agadas awa ɗaya da 'yan mintoci ce a ATR, Agadas zuwa Dirku kusan awa ɗaya da minti 25, Kano zuwa Jidda kusan awa huɗu da rabi in hanya a buɗe take. A gajeriyar tafiya jet bai da wata riba mai yawa: a kilomita 370 abin da zai rage bai kai minti 20 ba, domin yana gama hawa zai fara sauka.

Iska

A nan ne lissafin ke da daɗi. Gudun da aka ambata a sama gudun jirgi ne cikin iska, ita kuwa iskar tafiya take yi. Abin da ke kai mutum gida shi ne gudun jirgi bisa ƙasa: a cire iskar gaba, a ƙara iskar baya. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, kusan ido da ido da jirgin da ya nufi Dirku. A ƙaddara ranar da ta tsananta ta kai kilomita 60 a awa. Caravan zai koma 240 a zuwa, awa biyu da minti 20. A dawowa 360, awa ɗaya da minti 33.

Mutane da yawa suna zaton abin da iska ta ci a zuwa za ta biya a dawowa. Ba ta biya. Zuwa da dawowa ba iska awa uku da minti 44 ne, da iskar kuwa awa uku da minti 53, domin jirgin ya fi daɗewa a hannun iskar da ke danne shi fiye da wadda ke tura shi. Kuma jirgi mai jinkiri ne ke shan wahalar: iskar 60 kashi ɗaya cikin biyar ce na gudun Caravan, amma ba ta kai kashi ɗaya cikin 13 na gudun jet ba.

In iska ba gaba da gaba take ba, kosain ne zai sake aiki. A duba kusurwar da ke tsakanin inda iskar ta fito da saitin jirgi. In digiri 30 ce, kusan kashi tara cikin goma na ƙarfinta ke aiki. In 60 ce, rabi. In 90 ce, iskar gefe ce, ba ta cin gudu sosai sai dai ta tura jirgi daga hanya, matuƙi ya karkata hanci ya rama. Hunturun da ke tare jirgin Dirku, a hanyar Damagaram zuwa Agadas rabinsa ko ƙasa da haka yake shiga lissafi. Sannan iskar da ke kaɗa rawani a ƙasa ba ita ce a sama ba. Hunturu iskar ƙasa-ƙasa ce; can inda jet ke tafiya, sama da mita 10,000, a wannan lokacin iska mai ƙarfi daga yamma take zuwa a saman Sahara. Da damina kuma akwai wata daga gabas, a tsayin mita 3,000 zuwa 4,000 a saman Sahel. Don haka sai an nemi rahoton iskar tsayin da jirgin zai bi, wanda ofishin yanayi na filin ke ba matuƙi kafin tashi.

Hazo, zafi da rana

Abubuwa uku ba sa shiga rabawa da ninkawa, amma sukan rushe jadawali gaba ɗaya. Ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na Cadi tana iya rufe Damagaram da Kano har gani ya gaza mita 1,000, jirgi ya yi ta kewaya sama yana jira, ko ya juya, ko ma kada ya tashi. Hadarin damina, daga Yuni zuwa Satumba, layi yake yi yana tafiya daga gabas zuwa yamma, kuma ba a kutsa shi, kewaye shi ake yi, da ƙarin kilomitoci. Ya fi yawa da la'asar zuwa dare.

Zafi yana sa iska ta yi sako-sako, fiffike da inji su rasa abin kamawa. Ma'aunin da aka gina jirage a kai shi ne digiri 15 na zafi a bakin teku, yana raguwa da 6.5 a kowane mita 1,000. Agadas tana kan tsayin kusan mita 500, inda ma'aunin ke tsammanin digiri 12. Da tsakar ranar Mayu in zafi ya kai 42, jirgin yana ji kamar daga tsayin mita 1,600 yake tashi: ya ci titi mai tsawo, ya hau a hankali, wani lokaci dole a rage kaya ko fasinja. Shi ya sa tashin sassafe ya fi a arewa.

Sai rana. Filin da ba shi da fitilun titi, da faɗuwar rana an rufe shi ke nan. Agadas da Dirku agogonsu ɗaya, amma rana ba ta bin agogo, kowane digiri na lonjitud minti huɗu ne a wurinta. Magariba tana riga shiga Dirku da kusan minti 20. Wanda ya tsara isarsa da magaribar Agadas zai iske duhu.

Lissafin mai

Tsakanin filayen da ke nesa da kowa, lokacin da ya fi muhimmanci ba na tikiti ba ne, na tanki ne. Ƙa'idar ICAO ga jiragen haya ita ce a ɗauki man tafiya, da ƙarin kashi 5 cikin 100 don abin da ka iya tasowa, da man zuwa wani filin in na farko bai saukuwa, da ajiyar ƙarshe ta minti 30 ga injin tabain ko 45 ga injin fistin. Filin da babu wani a kusa da shi ana ɗaukarsa keɓantacce, jirgi mai tabain ya isa samansa da man awa biyu a tanki. A hanya irin ta Dirku, galibi filin da za a koma wa shi ne wanda aka baro.

Daga nan wurare biyu ke fitowa da matuƙi ke sa wa alama a taswira. Na farko shi ne inda ci gaba da komawa suke cin lokaci ɗaya, wanda ake dubawa in fasinja ya kamu da ciwo ko inji ya fara gardama. A ninka nisa da gudun komawa, a raba da jimlar gudun zuwa da na komawa: a misalin Caravan da iskar hunturun nan, 560 sau 360, a raba da 600, ya ba da 336. Ba tsakiyar hanya ba ne, ya gota ta da kilomita 56 ta wajen da iska ke fitowa. Daga nan Dirku minti 56 ne, Agadas ma minti 56.

Na biyu shi ne iyakar da in an wuce ta man ba zai mayar da jirgi gida ba. A ninka awannin man da za a iya ƙonawa, bayan an ware ajiya, da gudun komawa, a raba da jimlar nan. In man awa uku da rabi ne, sakamakon 2.1, wato awa biyu da minti 6 bayan tashi, kilomita 504 daga Agadas. Kafin wannan wuri ne matuƙi zai nemi labarin ƙarshe na hazon Dirku ya yanke shawara. In man awa huɗu ne, iyakar ta koma kilomita 576, ta wuce Dirku, jirgin zai iya zuwa ya leƙa ya dawo. Rabin awar nan ta mai nauyi ce, kuma sau da yawa kujerar fasinja ko buhun kaya ake bari a ƙasa dominta.

Agogo da jimlar tafiya

Ma'aikatan jirgi a duk duniya da agogo ɗaya suke aiki, UTC, wanda Nijar da Najeriya da Cadi suke gabansa da awa ɗaya, Libiya da awa biyu, Saudiyya da uku. Mali da Burkina Faso da Gana suna kansa daidai. Tikiti kuwa lokacin garin tashi da na garin sauka yake nunawa. Jirgin da ya bar Kano ƙarfe 10 na safe ya yi awa huɗu da rabi zai sauka Jidda ƙarfe 4:30 na yamma a agogonsu. Wanda ya bar Jidda ƙarfe 10 zai iso Kano 12:30. Kafin a debe lokacin tashi daga na sauka, a mayar da su duka agogo ɗaya. A cikin Nijar wannan matsalar ba ta tasowa.

Matafiyi daga Dogo-Dogo yana da sauran abin haɗawa. A ƙaddara awa uku a mota zuwa Damagaram, fiye da haka in damina ta ɓata hanyar burji. Awa biyu na awon kaya da bincike da jira. Awa ɗaya da minti 5 a sama. Rabin awa na karɓar kaya da shiga garin Agadas. Awa shida da minti 35 ke nan, kuma kashi ɗaya cikin shida ne kawai na jirgi. In Dirku ce manufa kuma jirgin zai wuce, a ƙara kamar minti 40 na tsayawa da shan mai da awa ɗaya da minti 25 na ƙetare Tenere, a cire shiga garin Agadas: sama da awa takwas, a hanyar da motocin hamada ke kwana biyu ko uku daga Agadas kaɗai. Jiragen irin waɗannan layuka ba kullum suke tashi ba, kuma tashin safe yana nufin kwana a Damagaram daren jajibiri, don haka a jadawali ranar tashi ake fara dubawa, sannan sa'ar tashi, sannan yawan zangon da jirgin zai yi kafin ya kai filin da ake so.